Karatun Ingilishi a Maraɗi: a fara da takardar da ke hannu

Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ya tsaya ya dubi kayan da ke jibge cikin rumfuna, zai lura da wani abu da sabo ya sa jama'a ba su cika kula da shi ba. Mai saye da mai sayarwa da Hausa suke ciniki, da Hausa suke taya kaya, da Hausa suke sallamawa. Amma kwalin maganin zazzaɓi, da buhun takin zamani, da gwangwanin madara, da kwalbar maganin ƙwari, da yawa daga cikinsu rubutun da ke jikinsu Turancin Ingilishi ne, domin daga Najeriya suka shigo, ko kuwa daga Indiya da Sin aka yi odarsu. Mutum ya biya kuɗinsa, ya kai kaya gida, ya sha, ya fesa, ya ba iyalinsa, alhali bai san abin da mai kayan ya rubuta masa ba.

Wannan matsala ta daɗe, sai dai yanzu ta ƙara fitowa fili. Ran 26 ga watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Ke nan Ingilishi ya wuce matsayin darasi ɗaya daga cikin darussan kwaleji, ya zama harshen da doka ta amince a yi aiki da shi. Tambayar da ke gaban ma'aikata da waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci ita ce: ta ina babban mutum, mai iyali da sana'a, zai kama karatun wannan harshe? Zaman Maraɗi da Tibiri da Jiratawa yana ba da amsa mai sauƙi: ya fara da takardar da ke hannunsa.

Harshe ɗaya, boko biyu

Asalin al'amarin yana cikin tarihi. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna Tibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Daga baya Faransa da Ingila suka raba ƙasar Hausa bisa yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Tun daga nan ɗan Maraɗi ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan uwansa na Katsina ya shiga makaranta ya koyi Ingilishi, ko da yake tsakanin biranen biyu tafiyar kilomita 90 ce ko kusan haka, ta Ɗan Isa da Jibiya.

Saboda haka buƙatar mutumin Maraɗi ta bambanta da ta sauran masu koyon Ingilishi a duniya. Idan ya je Jibiya, ko Katsina, ko Kano, Hausarsa ta ishe shi cin kasuwa, ta ishe shi gaisawa da ɗan sanda da ma'aikacin kwastan. Inda yake tsayawa cik shi ne wurin takarda: rasit, takardar shigar da kaya, takardar banki, takardar likita, saƙon da kamfani ya aiko masa ta salula. Haka alhajin da ya sauka Jidda, ko ɗan kasuwar da ya je sari Dubai, allunan filin jirgi da takardun kaya yake fara cin karo da su. Wato abin da ya fi gaggawa gare shi shi ne ya iya karantawa ya gane. Iya magana yana iya biyowa baya.

Abin da kwaleji ta bayar

Ingilishi ba baƙo ba ne a makarantun Nijar. Ana koyar da shi tun daga ajin farko na kwaleji har zuwa bakaloriya. A 1962 rukunin farko na ƴan sa-kai na Amurka, waɗanda aka sani da Peace Corps, suka iso ƙasar su 7, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki har Janairun 2011. An kuma rubuta jerin littattafai mai suna English for the Sahel musamman domin kwalejojin Nijar, da sunayen mutane da garuruwa irin na gida.

Duk da wannan ƙoƙari, sananne ne cewa yara da yawa suna barin kwaleji kafin jarrabawar BEPC, kuma ko ma'aikacin da ya yi shekara 7 yana darasin, bayan ƴan shekaru a biro sai ya tarar gaisuwa kaɗai ta rage masa. Dalili a fili yake: rijiyar da ba a jan ruwanta cikewa take yi. Yaro ya rufe littafi ran jarrabawa, ba wanda ya nuna masa cewa harshen yana nan cikin kantin mahaifinsa da aljihun rigarsa.

Wani malami Baturen Ingila mai suna Michael West, wanda ya shugabanci kwalejin horar da malamai a birnin Dakka na ƙasar Bengal, ya yi nazarin irin wannan hali, ya buga sakamakonsa a 1926. Ya ga yawancin yaran can ma ba su kai ƙarshen makaranta, sai ya ce kamata ya yi kowace shekarar karatu ta bar wa yaro abin da zai amfana da shi ko da ya tsaya a nan. A ganinsa, iya karatu ne ya fi saurin samuwa, shi ne kuma mutum ke iya ci gaba da shi shi kaɗai, ba tare da malami ba. Ya rubuta ƙananan littattafai da kalmomi ƙidayayyu, sannan a 1953 ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2000 da suka fi yawo cikin Ingilishi. Waɗannan kalmomi su ne kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum.

Jari uku na mai koyo

Mutumin Maraɗi da ya iya karatun Hausa ba da hannu wofi zai shiga wannan kasuwa ba. Yana da jari iri uku.

Na farko haruffa ne. Bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci shi ne na Ingilishi, sai dai ya ƙara sanin p, q, v da x, ya kuma kiyaye cewa sautin da Hausa ke rubutawa da c, Ingilishi da ch yake rubuta shi, c ɗinsa kuwa wani lokaci k ce, wani lokaci s. Wahalar gaske tana wurin wasula, domin Ingilishi ba ya furta kalma yadda ya rubuta ta, har akwai haruffan da ba a faɗarsu sam, kamar k a farkon "knife", wato wuƙa. Amma mai neman ma'ana da ido wannan ba ta tsayar da shi.

Na biyu kalmomin aro ne. Hausa ta daɗe da karɓar mota, direba, taya, birki, inji, gareji, makaniki, bokiti, tela, kafinta, banki, kamfani, asibiti da soja. Wanda ya ga "driver" ko "bucket" ko "carpenter" a rubuce, tsohon sani ya gamu da shi cikin wata riga. Ajin manya na iya cika shafi biyu na kaye da irin waɗannan kalmomi a zama ɗaya.

Na uku Faransanci ne, ga wanda ya taɓa lakwal. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya malala cikin Ingilishi, har fiye da rabin kalmomin ƙamus daga Faransanci da Latin suka fito. "Date", "total", "danger", "dose", "poison", "transport", rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'anarsu ma ɗaya. Sai dai a yi hattara da masu kama da juna a fuska kawai. "Pain" burodi ne a Faransanci, a Ingilishi ciwo ne. "Sale" a Faransanci mai dauɗa ne, a Ingilishi sayarwa ce. Lambobi ma suna da tarkonsu: abin da Ingilishi ya rubuta 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, amma wanda ya saba da Faransanci zai karanta ɗaya da rabi, ɗaya da rabi kuwa Ingilishi 1.5 yake rubutawa. Ɗigo ɗaya yana iya karya jarin ɗan kasuwa, yana iya ƙone garkar manomi.

Jiratawa: darasin kwalbar magani

Kudu da Maraɗi, a fadamar gulbi, akwai filin noman rani na Jiratawa, wanda aka shirya a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta 500 ko kusan haka, ana ba shi ruwa daga rijiyoyin burtsatse ƙarƙashin kulawar ONAHA da ƙungiyoyin manoma. Garin ya yi suna da zogala, wadda ake lodinta zuwa kasuwanni na nesa, ban da albasa, tumatir, tattasai da masara. Zogala tana da tsutsa mai cinye ganye, domin haka feshi ya zama aikin yau da kullum. Yawancin magungunan ƙwari da ake samu a kasuwannin yankin ta iyaka suke shigowa, da bayaninsu cikin Ingilishi, kuma sau da yawa ba su cikin jerin waɗanda kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ya amince da su.

A nan kwalba ɗaya ta isa littafin mako guda. Abin da za a fara karantawa launi ne: zanen ja a gindin takarda yana nufin guba mai tsanani ƙwarai, rawaya mai matsakaicin haɗari, shuɗi mai ɗan haɗari, kore kuma wanda haɗarinsa bai da yawa idan an bi ƙa'ida. Sai kalmomi: "Keep out of reach of children", a ajiye inda yara ba su kai, "Harmful if swallowed", yana cutarwa idan an haɗiye, "Wear gloves", a sa safar hannu, "Expiry date", ko EXP a taƙaice, ranar da magani ya lalace, MFG, ranar da aka yi shi. Sai awo: mililita nawa cikin lita nawa na ruwa, a kwatanta da famfon feshi na lita 15 ko 16 da manomi ke goyawa.

Layi mafi muhimmanci shi ne "Pre-harvest interval", wato kwanakin da dole a jira tsakanin feshi na ƙarshe da ɗiba. Zogala ganye ce da ake yanka a kai a kai, a dafa a ci. Idan takarda ta ce kwana 14, aka yanka bayan kwana 3, saurar guba na cikin kwanon iyalin manomi da na duk wanda ya saya. Manomin da ya san kalmomi 30 na jikin kwalba ya tsare lafiyar mutanen da bai taɓa gani ba. Haka ma uwar da ta gane "twice daily", sau biyu a yini, da "before meals", kafin abinci, a kwalin maganin ɗanta. Rigakafi ya fi magani.

Birnin Maraɗi: darasin sana'a

Daga garka sai rumbu. Buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, haruffansa taƙaitawar sunan Ingilishi ne, kuma harafin farko na jami'ar Purdue ce ta Amurka. Tun daga 2007 aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma, masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka tabbatar da amfaninsa. Leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da an sa magani ba. Yawancin abin da masana suka rubuta a kansa cikin Ingilishi yake. Malamin gona da ke iya karanta shafi ɗaya na irin wannan bayani yana samun ilimi daga tushe, ba ya jiran fassarar da ƙila ta yi shekaru ba ta zo ba.

Haka abin yake ga sauran sana'o'i. Makanikin babur da na janareta, mai gyaran salula, mai haɗa farantin hasken rana, duk littattafan injunansu da Ingilishi suke zuwa. Mai fitar da aya, ko wake, ko dabbobi yana cike takardun da ke tambayar "name", "address", "quantity", "weight", "signature": suna, adireshi, yawa, nauyi, sa hannu. Wanda ya sa hannu a takardar da bai karanta ba ya ba da wuyansa ga igiyar da bai ga tsawonta ba.

Ga matasa kuma ƙofofi na ƙaruwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda aka kafa a 2010, tana horar da masana noma, kimiyya da lafiya, kuma a waɗannan fannoni mafi yawan sabon bincike na duniya da Ingilishi ake buga shi. Tun 2013 akwai jami'a mai zaman kanta ta Maryam Abacha a birnin, wadda ta jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284. Ranar da jirgi ya fara shigowa, za a nemi akawu, da ma'aikatan sito, da masu duba kaya waɗanda ke karanta takardun ɓangarorin biyu. An ga rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, an sake gani daga 2023 zuwa 2024, amma kowane karo da aka buɗe, kaya da takardunsu sun komo.

Gona: darasin itatuwa

Fanni na uku shi ne muhalli, kuma a nan Maraɗi ce malamar duniya. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin, wanda ya haifi Alkawarin Maraɗi. A daidai wannan lokaci wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM, ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwoyinsu a ƙasa. Idan aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka datse saura, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Lokacin yunwar 1984 aka yaɗa dabarar a ƙauyuka kusan 100, daga nan manoma suka ɗauke ta da kansu, suka sa mata suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta komo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Duniya ta san wannan aiki da sunan "farmer managed natural regeneration". Kalmomi huɗu ne masu ban tsoro a ido, amma wanda ya san "farmer" manomi ne, ya kuma taɓa jin sunan da ma'aikatan gandun daji ke kiran abin da shi a Faransanci, ya gama gane su. Idan aka ba shi jimla kamar "The gawo tree drops its leaves in the rainy season", ko da kalma biyu kawai ya sani, ya riga ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi ƴaƴa. Saninsa na gona shi ke fassara masa saura. Da an ba shi labarin dusar ƙanƙara ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, da wahala biyu ta haɗu masa: baƙon harshe da baƙon zance.

Tibiri: darasin tarihi da al'ada

Kimanin kilomita 12 daga Maraɗi, Tibiri tana riƙe da fadar Sarkin Gobir, da sarautar Inna, da hawan salla. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wani babban kaso na tarihin wannan yanki da Ingilishi aka rubuta shi. Matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa a Janairun 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina, labarin tafiyarsa ya fito da Ingilishi daga 1857. M. G. Smith ya yi rubutu a 1967 kan mulkin Sarki Ɗan Baskore. Barbara Cooper ta buga littafi a 1997 kan aure a Maraɗi. Littafin Emmanuel Grégoire kan alhazan Maraɗi, wanda ya fito da Faransanci a 1986, an juya shi zuwa Ingilishi a 1992. Ɗalibai a Amurka da Ingila suna karanta labarin kakannin mutanen da su kansu ba su san an rubuta ba.

Waɗannan littattafai sun fi ƙarfin mai farawa, amma malami na iya tsamo gajerun labarai na layi 10 da kalmomi masu sauƙi: ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi a fadama har aka koma tudu, yadda Kantu na Maraɗi ya zama zakaran gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, yadda ake ɗaurin aure, da zanen suna, da rabon gado. Dattijon da ya ji labarin ambaliya daga bakin iyayensa, idan ya ga "In 1945 the river flooded the old town", zai gane "flooded" kafin a buɗe ƙamus, kuma daga wannan jimla ɗaya ya koyi cewa ed a ƙarshen aikatau alamar abin da ya wuce ce.

Yadda za a tsara karatun

Binciken masana ya goyi bayan wannan hanya. Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan da abokan aikinsa sun nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai cikin jin daɗi, sai ya san kalmomi kimanin 98 cikin kowace 100. Saboda haka rubutun mai farawa ya zama gajere, mai sauƙi, kan abin da ya sani. A tsibirin Fiji kuma, a 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun zuba littattafan labarai 250 a kowane aji na wasu makarantun karkara, aka ba yara ɗan lokaci kullum su karanta. Bayan wata 8 aka tarar ci gabansu a karatu ya ninka na sauran yara. Yawan karatu ne ke koya karatu.

Ga babban mutum, minti 15 kullum ya fi awa 3 sau ɗaya a mako. Ya fara duba hoto, da kan magana, da lambobi, ya tambayi kansa: wannan takarda kan me take? Sannan ya karanta ta duka a zuci, ba tare da tsayawa ba. A karo na biyu ya ja layi ƙarƙashin abin da bai sani ba, ya gwada cinka daga abin da ke kewaye. Ƙamus shi ne na ƙarshe, kuma akwai na Ingilishi zuwa Hausa, kamar wanda Roxana Ma Newman ta buga a 1990, wanda ke kai mutum kai tsaye ba sai ya ratsa ta Faransanci ba. Bayan haka ya faɗi abin da ya gane da Hausa ga wani, domin wanda ya iya maimaitawa shi ne ya fahimta. Kalma 5 a yini, a rubuce cikin kaye tare da jimlar da aka tsinto su, sun zama 1825 a shekara, wato dab da jerin Michael West. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, kada a ɗora Ingilishi kan karatun Hausa da bai zauna ba. Tun makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973 aka ga cewa wanda ya ƙware a harshen uwa shi ya fi saurin kama wani. Na biyu, cinka tana da iyaka. A labari ana cinka. A awon guba da na magani ba a yi. Wanda ya yi shakka ya tambayi malamin gona ko malamin asibiti.

Abin da ya rage ga ma'aikata

Wasu za su ce malamai sun yi kaɗan, littattafai babu, Faransancin ma bai wadata ba. Gaskiya ne. Amma wannan hanya ba ta jiran jirgin littattafai daga waje. Masu kula da yaƙi da jahilci na iya tattara kwalaye, da buhunan da aka juye, da tsofaffin rasit, su shirya takardu masu shafi ɗaya da Hausa, Faransanci da Ingilishi, kwalaben guba kuwa hotonsu kawai za a kawo aji. Malaman Ingilishi na kwalejoji da ɗaliban jami'a na iya ba cibiyoyin manya awa ɗaya a mako. Gidajen rediyon karkara na iya karanta takardar mako da fassararta. Ƙungiyoyin manoman Jiratawa da na mata masu sana'ar zogala su ne ya kamata a fara da su, tun da su ne haɗarin ya fi kusa da su.

Wannan kuma ba ya sauke wa hukuma nauyin tsare kasuwa daga magungunan da ba a amince da su ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, wuri ne da ya dace a kai maganar a riƙa sa bayanin Hausa a jikin kayan da ke ƙetare iyaka, tun da masu amfani da su a ɓangarorin biyu Hausa suke ji. Kafin wannan ta tabbata, kwalba na hannun manomi, rasit na aljihun ɗan kasuwa, damina kuma ba ta jiran kowa.

Shekarun baya an ce manomi ba zai iya riƙe alƙalami ba, sai ga shi ya koyi karatu da lissafi har ya riƙe littafin awo a kasuwar gujiya. Gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya karanta wannan shafi da Hausa ya riga ya yi rabin tafiya. Saura ya ɗauki kwali na farko da ke cikin ɗakinsa, ya nemi inda aka rubuta EXP, ya duba ranar. Allah ya ba da sa'a.